Aka Ba da Ni Aro, Aka Karɓo Raga

Kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallonmu ta Badarawa taubashina ne, ɗan wan Ummata. Da wani ne daban, da tuni manya sun shiga tsakaninmu, don duk wanda ya ga irin kallon da muke yi wa juna ya san babu wasa a ciki. Amma da yake shi ɗan namiji ne ni kuma ɗan mace, duk abin da ya yi mini sunansa wasa. Ya kira ni bawansa a gaban jama'a, wasa ne. Ya tsince naman da ke kan tuwona a gidan kakarmu, wasa ne. Na tabbata ko kogin Kaduna ya jefa ni da tsakar damina, Umma za ta tsaya a kan gada tana dariya tana cewa ai taubasai sun gaji haka.

Lamba bakwai yake bugawa, wato gaba ta gefen dama, ni kuma lamba uku, baya ta gefen hagu. Duk ranar da aka raba mu gida biyu a atisaye ni ne a gabansa, kuma ba na barinsa ya wuce. Shi a ganinsa yanka yake yi irin na talabijin. Ni a ganina ƙafafuwansa ne ke rigima da juna, sai in jira su gama in ɗauke ƙwallon. Asalin gabar ke nan. Lamba ukun nan kuwa ba kyauta aka ba ni ba, na sha zaman benci da tsamo ƙwallo daga kwata kafin ta zama tawa. Gasar unguwanni ta dogon hutu tana matsowa, kuma ba abin da nake so a duniya kamar in fito a lambar nan a gaban 'yan layinmu.

Shi kuma yana da wanda yake so ya saka a wurin, wani abokinsa mai sabon takalmi da babbar waya, wanda ƙafarsa ta hagu ba ta da aiki sai hawa mota. Hujjar cire ni ce kawai ba shi da ita. Daga kasuwa ta zo masa, a cikin buhu.

Kocinmu ma'aikacin gwamnati ne. Daga ofis yake zarcewa filin makarantar firamaren da muke atisaye, ya cire hula ya rataya usur. Ciwonsa ɗaya ne: duk abin da aka ce masa haka ake yi a Turai, to ya zauna. Da za a ce masa a Turai da ka ake tafiya, washegari za ka gan mu a jere ƙafa a sama. Wata rana ya shiga Babbar Kasuwa wajen 'yan gwanjo, ya yi sa'a an fasa dila, ya tsinto jesi iri ɗaya har sun ishi ƙungiya, kowace da lamba da suna a baya. Ya zazzage su a gindin dogonyaron bakin fili, ya ce ba na kwaikwayo ba ne, wata ƙungiya ce ta ƙasar Sloveniya ta buga wasa da su da gaske. Babu wanda ya taɓa jin ƙasar. Golanmu ya rantse sunan maganin tari ne.

A wajenmu sunan da ke bayan rigarka ba ado ba ne. Wanda ka goya, ka zama shi. In ya ci ƙwallo ranar Asabar, kai za a yi wa barka a layi. In ya ɓarar da fenareti, kai za a bi da tsiya har teburin mai shayi. Amma waɗannan sunayen babu wanda ya san su, don haka kowa ya ɗauki lambarsa, muka zaci an huta. Tawa ta yi mini yawa, tana warin dila, amma lamba uku ce. Da hannuna na wanke ta, abin da ban taɓa yi wa kayan makaranta ba.

Washegari taubashina ya zo da wayar abokinsa. Kafin koci ya iso ya tara kowa, ya juya ni kamar akuyar da za a saya, ya kwafi sunan da ke bayana, sai ga mutumin ya fito. Ya fara karantawa yana fassarawa, yana ƙara gishiri yadda ya ga dama.

Wai a wani ƙaramin gari da ke tsakanin duwatsu aka haife shi. Ɗan baya ne na hagu, kamar ni. Ya taso a ƙungiyar garinsu, wata babba a ƙasar ta ɗauke shi, ba ta ko bari ya ajiye jaka ba ta ba da shi aro ga wata ta rukuni na biyu. Ya dawo, aka sake ba da shi aro. Ya dawo, aka sayar da shi ga wata, ita ma ta dube shi sama da ƙasa ta ba da shi aro. Duk wannan yawon a cikin ƙasa ɗaya, wadda taubashina ya ce in ka hau bas a Kawo, kafin ka kai kasuwa ka fita daga cikinta. Ƙungiyoyin gasar tasu ma ba su da yawa, sai su yi ta haɗuwa da juna har kowa ya san sunan kakar kowa, in dusar ƙanƙara ta sauko a rufe gasa a jira ta narke. Sau ɗaya ƙungiyarsa ta ɗauki kofin ƙasar, kuma ranar yana benci.

Fili ya kaure da dariya. Na fizge wayar na sa sunan da ke bayan rigar taubashina. Babu komai, ko hoto. Na ɗaga wayar sama na ce ga mutumin kyaftin nan, ko intanet ba ta san an haife shi ba, ina jin mai wankin jesi ne. Aka ɗan yi dariya. Sai ya shafa 'yan silin gashin bakin da yake nomawa, ya ce gara wanda ba a sani ba da wanda aka sani da yawon aro gida-gida kamar tsani. Daga ranar na koma ɗan aro. Yaran da ko wando ba su iya ɗaurawa ba suna bi na da shi. Mai ƙosan bakin layi ta tambaye ni ko ƙosan ma aro zan karɓa.

Tsakaninmu da ƙungiyar Abakpa akwai tsohuwar gaba. Amma kocinsu da namu ofis ɗaya suke, tebur yana kallon tebur, don haka duk da gabar ana aron kaya, famfon hura ƙwallo ne, tuta ce, wani lokaci har usur. Dokar aron ɗaya ce, kuma an fi riƙe ta da ƙarfi a kan dokar wasan kanta: yadda ka karɓi abu haka za ka mayar da shi. An taɓa daina gaisawa a kan allurar famfo da ta lanƙwashe.

A shekarar suna da raga sabuwa da tsohuwa, amma ɗan bayansu na hagu ya tafi Zariya. Mu kuma turakunmu tsirara suke, in an buga ƙwallo sai an yi musu ta ciki ta bi ko ta waje. Taubashina ya ja koci gefe. Ban ji duk abin da ya faɗa ba, amma na ji kalmar Turai tana ta fitowa, na kuma ga fuskar koci tana washewa. Da aka tashi koci ya yi gyaran murya, ya ce ƙungiyarmu za ta kafa tarihi, ita ce ta farko a gasar da za ta ba da ɗan wasa aro, kamar yadda manyan ƙungiyoyi ke yi don yaro ya goge. Ya ce ba kora ba ce, ci gaba ne. Su kuma Abakpa, don zumunci, za su ara mana raga.

Na tambaya sabuwar ko tsohuwar. Tsohuwar ce.

Na kai ƙara gida. Umma tana tankaɗe na zayyana mata komai, har da ƙarin cewa ya ce ni zai kai kasuwar Kawo in farashi ya yi kyau. Ta yi dariya har ta ajiye rariya, ta ce ai ubangidana ne, in ya ga dama ya ba da ni aro, in ya ga dama ya ba da ni kyauta. Baba ya rage rediyo ya ce su ma a aikin gwamnati ana tura mutum wata ma'aikatar na ɗan lokaci, wasu ma daga can suke samun ƙarin girma. Na tambaye shi ko an taɓa musanya shi da labule. Umma ce ta amsa, da rariyar.

Haka na fara zirga-zirgar Abakpa da jesin a jikina, don abokin taubashina ya ce shi wurin kawai yake so, ba zai goyi ɗan aro ba. Ban ga fuskar maraba ko ɗaya ba. Suka ce ɗan leƙen asiri aka turo musu. In kocinsu zai yi bayanin dabara sai a aike ni ɗebo ruwa, kuma dabarar duk ba ta wuce a doka wa dogon nan na gaba ya bi ta da gudu ba. Lamba biyar ɗinsu, wani mai faɗin kafaɗa, kullum sai ya tuna wa sauran a yi hankali da ni, kayan aro ne, kar a fasa. Yana gama faɗa shi zai fara hawa ƙafata.

Mutum biyu na ɗora wa wannan wahalar, taubashina da Baturen da ke bayana. Na tsani mutumin nan da ban taɓa gani ba. Na riƙa karɓar wayar yayata ina bin tarihinsa, ko zan samo abu ɗaya da zan jefa wa taubashina a fuska. Na samu hotonsa, wani dogo mai sanƙo, yana kallon kamara kamar an ce masa gobe ma aro ne. Na samu wani ɗan bidiyo. Ciyawa kamar kafet, duwatsu a baya, amma 'yan kallon ba su kai mutanen sunan ƙanina ba, har ana jin haushin wani kare. Ƙwallo ta zo wa mutumina, babu kowa kusa da shi, ya ɗaga kai ya duba, ya natsu, ya doka ta cikin itatuwa. Wani tsoho ya tafa masa. Ina jin babansa ne.

Shekaru ya yi a haka. Ya faɗa rukuni na biyu da wata ƙungiya, ya hau da wata, a gasar kofi ya je ƙauyuka ya buga da manoma da direbobi, har wata ƙungiyar ƙauye ta taɓa fitar da su. Na yi ta neman inda aka ce ya ƙi tafiya, ko ya fasa ƙofar ofishin wani. Babu. Duk inda aka ce ya tafi, jakarsa yake ɗauka, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Da na gaya wa kocin Abakpa sai ya ce mu yaran yanzu ba mu san darajar gasar gida ba, ana buga ta ƙasarmu ba ma zuwa, sai mu cika gidan kallo muna zagin juna a kan Turawan da ba su san da mu ba. Na ce ai ni ma Baturen da bai san da ni ba ne ya jawo mini. Ya ce in je in ɗebo ruwa.

Gasa ta fara. Ba su da wani mai ƙafar hagu, dole suka ba ni jar rigarsu, suna saka ni suna harara. Muka tsallake rukuni. Badarawa ma ta tsallake, da abokin taubashina a wurina, wanda aka ce in ƙwallo ta zo masa ta hagu sai ya zagaye ta kamar mai neman ƙofar gida sannan ya buga da dama. Aka jefa ƙuri'ar zagayen sili ɗaya ƙwale. Abakpa da Badarawa.

Ranar Juma'a duk jikoki gidan kakarmu muke cin abinci bayan masallaci. Taubashina ya bari sai da na tsuguna wanke hannu, ya zo ya tsaya a kaina.

"Bawana, kana son lambarka?"

Na ce ai tawa ce, ba maganar so ba ce.

"To ranar wasa kar ka cika zaƙewa. In na taho ka ɗan zame, ai damina ce. Ana gama gasa zan sa koci ya dawo da kai."

"Ranka ya daɗe, ko ban zame ba kai za ka zame. Ƙafafuwanka ba sa shiri da juna."

Ya juye mini ruwan butar a gaban wando, ya koma ciki yana cewa kowa ya zo ya ga abin da bawansa ya yi. Kaka ta yi dariya har da tari. Amma maganar ta zauna mini. Ina son lambar nan. A Badarawa abokaina suke, a nan ake sanin wanda ya buga da wanda bai buga ba. Zamewa ɗaya a cikin taɓo, wa zai ce da gangan ne? Har ranar wasa ban yanke shawara ba.

Bayan la'asar aka sa wasan, a wani fili da ba na kowa ba wajen Unguwar Sarki. An yi ruwa da safe, gefen da zan tsaya ya zama fadama. 'Yan layinmu a gefe ɗaya, 'yan Abakpa a ɗayan, masu rake a tsakani. Muna motsa jiki sai ga taubashina da abokinsa sun taho da buhu, suka jefar a gaban kocin Abakpa. Ashe bai yarda zan zame ba, ya sake dabara.

"Ga ragarku. A ba mu yaronmu."

Nufinsa a fili yake: a karɓe ni ana dab da busa usur, Abakpa ta rasa ɗan baya, ni kuma a ajiye ni a benci. Kocinmu yana bayansa yana cewa a Turai ma ana katse aro. Kocin Abakpa ya sunkuya. Ya kwance buhun, ya sa aka shimfiɗa ragar a kan ciyawa. Sai ga ta a yage a tsakiya, irin yagewar da ɗan maraƙi zai wuce bai sunkuya ba. Ashe tun da aka kawo ta ba a taɓa sauke ta daga turaku ba, yaran unguwa suka mai da ita lilo, awaki suka ƙarasa.

Kocin Abakpa ya ce ba haka ya ba da ita ba, kuma kowa ya san doka, sai an ɗinke ta za a yi maganar mayar da yaro. Namu ya ce dama da yagewarta ta zo. Wancan ya ce yagewar da ta zo da ita ga ta can a kusurwa, shi da kansa ya ɗaure ta da igiyar takalmi. Manya biyu masu iyali suka durƙusa a taɓo suna zura hannu a raga suna rantse-rantse. Lamba biyar ya jawo ni gaba ya ɗaga hannuna, ya ce a duba, su ga nasu kayan aron lafiya lau ko ƙwarzane babu, alhali rabin tabon da ke ƙwaurina shi ya yi su. Wani ɗan kallo ya ba da shawarar a auna ni da ragar a sikeli.

Alƙalin wasan wani malamin makaranta ne mai gajen haƙuri. Ya ga hadari yana haɗuwa, ya busa usur a kunnen kowa, ya ce shi ba shari'ar raga ya zo yi ba. Ya juyo gare ni, kuma shi ne mutum na farko da ya tambaye ni wani abu tun da aka fara cinikin nan. Ya ce yaro, ina za ka buga?

Na kalli 'yan layinmu, ga waɗanda muka taso tare, ga ƙanina a kan katanga. Na juya ga taubashina na tambaye shi a gaban kowa, in na dawo yanzu, ni zan fara a lamba uku?

"Kai da wa kake ciniki? Wuce benci, in an gama a duba lamarinka."

Da ƙarya ma ya yi ya ce e, da na bi shi. Na ce wa alƙali Abakpa zan buga. 'Yan layinmu suka kira ni maci amana, suka kira ni abin da ba zan rubuta ba. Ƙanina ma na ga bakinsa yana motsi.

Aka take wasa. Duk zuwan da taubashina ya yi sai ya tarar da ni. Ya yi rawar ƙafar tasa, na jira, na ɗauke. Ya sake zuwa, na doka ta har cikin masu rake. In ya gifta ni sai ya ce zame mana, bawa, ni kuma in tambaye shi ko in ara masa ƙafa ɗaya. Aka je hutun rabin lokaci babu ci, aka dawo babu ci. Lamba biyar har ya dafa kafaɗata, sannan ya tuna ya janye hannunsa.

Ana dab da tashi aka jefo wata doguwa ta bayana. Na juya, ƙafata ta shiga taɓo, na zame. Zamewar gaske, wallahi, wadda ban shirya ba. Ina ƙasa na gan shi ya wuce ya nufi gola, ya waiwayo ya yi mini murmushi irin na wanda aka cika wa alkawari. Na san abin da kowa a filin nan yake gani: ɗan aro ya zame wa ɗan'uwansa. Ban san lokacin da na tashi ba. Na bi shi, na miƙe ƙafar hagun nan gaba ɗaya daga baya. Ni har gobe ƙwallo na nufa, sai dai ƙwallon tana gaba, shi yana tsakani. Wasu sun ce ya kai tsayin turke. Ni dai na ga tafin takalmansa biyu a sararin sama, sannan ya sauka da wata ƙara kamar an yar da buhun masara.

Jan kati, da fenareti. Abokin nasa mai sabon takalmi ne ya buga, ta shiga. Aka tashi ɗaya da nema.

Ban san mutum zai iya cin amanar unguwa biyu a yammaci ɗaya ba. 'Yan Abakpa suka ce tun farko shiri ne, na zame don ya wuce, da na ga zai ɓarar sai na ba su fenareti don a tabbatar. Lamba biyar ya zare mini rigarsu ta ka bai ko bari na ɗaga hannu ba. 'Yan Badarawa kuma, da suka ci wasan ta dalilina, suka ce na so karya kyaftin. Ruwa ya sauko kowa ya watse. Ta bayan layi na shiga gida.

Targaɗe ne kawai, amma taubashina ya yi ta ɗingishi da sanda kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Na ce wa Umma ai wasan taubasai ne. Ba ta yi dariya ba, tasa ni gaba ta yi zuwa gidan kawu in ba da haƙuri. Na durƙusa na gaishe da kawu, na ce wa mai jinya Allah ya ƙara sauƙi. Da manya suka fita ya ce in manta da lamba uku, in manta da benci ma, muddin yana kyaftin ko ruwa ba zan ɗebo wa Badarawa ba. Na tambaye shi wace ƙafar ce ma, don na ga kamar jiya ɗayar yake ja.

Kocin nan biyu suka yanke hukunci a ofis suka aiko mini. Badarawa ta sallame ni, Abakpa ta ce dama ba nata ba ne. A zagaye na gaba aka fitar da Badarawa, duk ta gefen hagu aka ci su, amma ba wanda ya aiko a kira ni.

Da na gaji da buga ƙwallo da bangon gidanmu, na taka zuwa Malali, inda na ji akwai wata ƙungiya da ba ta shiri da kowa. Kocinsu wani gajere ne mai gyaran babur, na same shi zaune a kan taya. Na gaishe shi na ce ina neman wuri, ɗan baya ne na hagu. Ya ce suna da shi, kuma ya fi ni, bai ma ga wasana ba. Na juya zan tafi sai golansu ya raɗa masa magana. Ya kira ni.

"Kai ne ka ɗaga kyaftin ɗin Badarawa sama?"

Na ce ƙwallo na nufa.

"Zo gobe da takalminka."

Ɗan bayan nasu kuwa da gaske ya fi ni, don haka har yau a benci nake a Malali, kuma bencin nasu bulo ne. A layinmu har yanzu akwai masu ɗauke kai in na wuce. Amma duk ranar da muka haɗu da Badarawa, tun kafin a take wasa kocin yake cewa in tashi in motsa jiki, kuma a bakin layin da lamba bakwai ke bi yake sa ni in yi ta kai da kawowa. Bai taɓa saka ni ba. Taubashina dai duk ranar sai ya nemi a mai da shi ɗaya gefen.